Daɓen katako a bayan motar ɗaukar bisashe: yadda ake shimhiɗa shi da yadda ake tsare shi

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo, darasin wannan karo ba na allura ba ne, ba kuma na maganin tsutsa ba. Darasi ne a kan bayan motar da ke kai bisashenku kasuwa. Wani zai ce, mi ya haɗa malamin dabbobi da aikin kahinta? Abin da ya haɗa mu shi ne raunin da muke gani ranar kasuwa in an sauke kaya: gwiwa ta saɓule, fata ta yage, ƙafa ta karye. Rago ya bar gida lahiya lau, ya iso kasuwa yana ɗingishi. Kuma kowa ya sani, dabbar da gurguntakarta ta hito hili ba a layya da ita. Kiwon wata 6 ya koma kuɗin nama wajen mahauci. In ka bi diddigi, sau da yawa direba bai yi gudu ba, hanya ma ba ta yi muni ba. Wurin da dabbar ta tsaya ne ya kada ta.

Motocin da muka hi gani a wannan aiki su ne bashe, waɗanda a Najeriya ake ce ma a-kori-kura: Peugeot 404 da 504, da Toyota Hilux. Yawancinsu sun tsuhwa ƙwarai. Ita 404, ko a ƙasar Kenya, inda aka hi daɗewa ana haɗa ta, an daina tun 1991. Bayansu na ƙarhe ne, kuma ba don bisashe aka yi shi ba. Ƙarhe in ya jiƙa da hitsari santsi gare shi kamar sabulu. In rana ta buge shi a watan Afrilu, hannunka ma ba ya iya daɗewa bisa gare shi, balle dabbar da aka kwantar. Sannan hitsari da kashi suna cin shi har ya huje, bakin ramin kuma kaihi gare shi kamar wuƙa.

Sa katako a bayan mota ba sabon abu ba ne. A Amurka, ƙananan motocin ɗaukar kaya na kamfanin Chevrolet na shekarun 1940 da 1950 da daɓen katako suke hitowa daga masana'anta. Dabararsu ita ce: a jera katako a tsawon mota, a sa siririn ƙarhe tsakanin kowane biyu, ƙarhen ya danne gehensu, shi ne ake ɗaurewa da jikin mota. Katakon yana da wurin kumbura da tsukewa ba tare da ya tsage ba. A can yanzu masu son motocin dā don ado suke yin wannan aiki, su shahe katakon har yana walƙiya. Mu ba walƙiya muke nema ba. Daɓen da ke walƙiya shi ke kada dabba. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne barin katako ya motsa, da kuma ɗaure shi yadda za a iya kwance shi.

Wane katako za ka saya

A shagon katako za ka iske iri biyu, fari da ja, yawanci daga kudu ake kawo su. Farin ya hi araha kuma ba shi da nauyi, amma taushi gare shi. Kofato yana cin shi, hitsari yana shiga cikinsa, gara kuma ba ta jin kunyarsa. Damina ɗaya ko biyu ya gama. Jan katako, irin su maɗaci da loko, shi ne na wannan aiki. Cikin itatuwan gida, bedi da ya manyanta, wanda wasu ke ce ma dogon yaro, yana yi in an samu mai tsaga shi da kyau. Turare yana da ƙarhi amma yana murɗewa yana tsagewa in bai bushe a hankali ba. Ƙirya ta hi su duka juriya, sai dai ƙirya da maɗaci da giginya da gawo suna cikin itatuwan da dokar daji ta tsare a ƙasarmu. Kar ka sa gatari sai ka ga ma'aikatan gandun daji.

Ko wane iri ka zaɓa, duba bakin katakon. Tsakiyar itace mai duhu ita ke da juriya. Farin gehen nan da ke kusa da ɓawo shi ƙwari ke fara ci, ko da itacen ja ne. Katakon da ke da babban kulli a tsakiya ka bar ma mai shago abinsa, nan ne zai karye ran da sa ya taka.

Kauri: santimetir 3 ya isa ga tumaki da awaki. In shanu za ka riƙa ɗauka, 4. Faɗi kar ya wuce santimetir 15 zuwa 20, don mai faɗi da yawa yana lanƙwashewa kamar kwami, ruwa ya kwanta a ciki. Ka kuma yi lissahin nauyi. Bayan mota mai tsawon metir 2 da faɗin metir 1 da rabi, in an daɓe shi da jan katako mai kaurin santimetir 3, zai ci wajen kilo 60 zuwa 65. Da mai kaurin 4, ya zarce kilo 80. Motocin nan kayan da aka yi su don ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba tun suna sabbi, to nauyin akuya biyu ya riga ya hita daga ciki.

Babban abin da ke ɓata aiki shi ne ɗanyen katako. Jera shi a inuwa, bisa duwatsu, ka sa ƴan sanduna tsakanin kowane hawa don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. In da rani ne, sati 3 zuwa 4. Kar ka shanya shi a rana don sauri, tsagewa zai yi.

Kahin a ɗora katako

Share bayan motar, ka kankare tsatsa da buroshin ƙarhe, ka ga gaskiyar abin da ya rage. Hali biyu ne. In ƙarhen daɓe yana da sauran ƙarhi, ba sai an yanke shi ba. A yi daɓen katako mai ɗagawa, kashi biyu ko uku, wanda mutum biyu za su iya hiddawa. A ƙarƙashinsa a sa sanduna masu kaurin santimetir 2 zuwa 3 don ya ɗaga daga ƙarhe, a huda ƴan ramuka a kusurwoyin baya don ruwa ya zube. Amma fa ka sani, irin wannan in ba a ɗaga shi ana wankewa ba, ya hi rashinsa ɓarna, don kashi ya samu wurin ɓuya, yana cin ƙarhe da katako gaba ɗaya ba mai gani.

In kuwa ƙarhen ya ruɓe, mai walda ya yanke shi, a bar ƙarafan gicciye da ke bisa shasi. A duba su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci a sake shi. Tsakanin wannan da wancan kar ya wuce santimetir 40 zuwa 50. In ya wuce, a ƙara wani. Kahin a kunna wutar walda ko a fara huda, ka leƙa ƙarƙashi ka san inda tankin mai yake, da bututun birki, da wayoyin hitilar baya. A cire wayar batir. In aikin kusa da tanki ne, a sauke tankin gaba ɗaya. Tankin da ba kowa a ciki sai tururin esansi ya hi cikakke haɗari.

Abu biyu da ake mantawa. Inda bututun hayaƙi ya bi kusa da katako, a sa kwano tsakani, a bar sarari, kuma bakin bututun ya hito waje sosai, kar hayaƙi ya riƙa hawa ta tsakanin katako zuwa hancin bisashe. Bisa tanki da wayoyi ma a sa kwano, kar hitsari ya riƙa ɗiga musu.

Sai a shahe ƙarafan da pentir mai hana tsatsa. Ka tambayi mai shago wanda ba shi da dalma a ciki. Jan pentir ɗin nan na dā da ake kira miniyom da dalma ake yin shi.

Shimhiɗawa

A jera katakon a tsawon mota, daga kan direba zuwa ƙofar baya, don shara da wanki su bi hanya ɗaya. Fara daga tsakiya ka nuhi gehe, na ƙarshe su ne za a yanka su zagaye tudun taya. Ka jera su duka, ka huda, ka gwada, ka sa ma kowane lamba, sannan ka kwashe su don shahin mai. Katakon da aka shafa ma mai bayan an ɗaure shi, huskarsa kaɗai ta samu.

Yanzu maganar tazara, wadda ita ce zuciyar aikin. Katako ba ya ƙara tsawo, amma yana ƙara faɗi in ya sha laima. A ƙasarmu bambancin bushewar iskar watan Maris da laimar watan Agusta babba ne ƙwarai, har katako mai faɗin santimetir 20 yana iya ƙara milimetir 3 zuwa 5. In ka matse su da rani ba tazara, da damina za su turi juna, daɓen ya yi doro ko ya tsage wajen ƙusa. Don haka in da rani kake aikin, bar milimetir 5 zuwa 6 tsakani. Ƙusa mai tsawon santimetir 10 in ka soka ta tsakani ta shiga ba matsi, tazarar ta yi. In da damina ne, katako ya riga ya kumbura, milimetir 2 zuwa 3 sun isa, hunturu zai buɗe sauran. Ko yaya dai, kar tazarar ta kai santimetir 1. Kofaton ɗan akuya ƙarami ne, in ya shiga ya maƙale mota ta yi tsalle, ƙafa ta tahi.

Kar a buga ƙusa. Hanyar jan ƙasa mai gargada tana zare ƙusa sannu a hankali, kanta ya taso, ya yanki kofato ko ya yagi fata. Fatar jar akuyar Maraɗi da ake nema har ƙasashen waje, yagewa ɗaya ta sauke ta daga daraja. A yi aiki da bulon, wato ƙusa mai noti, irin mai sulɓin kai kamar lema, kaurin milimetir 8, farin nan da ba ya saurin tsatsa. Kai a sama, noti a ƙasa, da rondel, ɗan faihwan ƙarhen nan mai huda. Ramin da ke cikin katako ya ɗan hi bulon faɗi kaɗan don katako ya samu wurin motsi. Mai hali ya yi dabarar siririn ƙarhe da muka faɗa a sama, amma ya tabbata bakin ƙarhen ya nutse cikin gehen katako, bai taso ba. Bayan sati ɗaya na aiki a sake ɗaure notuna duka, haka kuma in hunturu ya shigo katako ya tsuke.

Katako kaɗai ba ya hana zamewa in ya jiƙa. A gicciye masa ƴan sanduna masu tudun santimetir 2 zuwa 3, tazarar 20 zuwa 25 ga ƙananan bisashe, 30 ga shanu, a kashe kaihin bakinsu. Kar sandar ta tahi daga bango zuwa bango, a yanke ta a bar hanyar ruwa, in ba haka ba kowane tsakani ya zama ɗan tabki. Kar kuma kahinta ya goge huskar daɓen sumul. Ya cire sartse kawai.

Abin da za a shafa, da abin da ba za a shafa ba

Anan ne muke samun saɓani da masu garaji. Kowa zai ce maka ka shafa baƙin mai, wanda aka juye daga inji, tunda kyauta ne kuma gara ba ta son shi. Gaskiya ne gara ba ta son shi. Ga ƙafar rumbu ko sandar shinge, wannan wata magana ce. Amma ba a daɓen da bisashe za su kwanta ba. Baƙin mai ba ya bushewa, in rana ta yi zahi sai ya tsattsaho, daɓen ya yi santsi, ya ɓata gashi da fata. Kuma ɗauke yake da dattin ƙuna da garin ƙarahunan inji. A ƙasashen Afrika na kudu da Sahara an daina sa dalma cikin esansi tun farkon 2006, wannan ya rage haɗarin, amma bai mai da baƙin mai abin lasa ba. Maraƙi kuwa ba abin da ba ya lasa. Gubar dalma a maraƙi tana zuwa da makanta, da cizon haƙora, da tura kai ga bango, da farfaɗiya, kuma sau da yawa kahin a kira mu ya mutu. Tsohon batir da aka bari a bayan mota shi ma hanyar wannan guba ce. Ka hidda shi.

Katakon tsohuwar turakar waya ko na hanyar jirgin ƙasa, baƙin nan mai warin kwalta, an jiƙa shi da magani mai ƙona fata, kar ka karɓa ko kyauta ne. Barnis da pentir mai sheƙi ba su da amfani a nan: rana ta fasa su, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa hita, katako ya ruɓe daga ciki. Man gyaɗa ko manja kuwa, gayyatar tururuwa ce da harshen bisashe.

Abin da muke ba da shawara shi ne man lin, wanda masu shagon kayan gini suka sani da huile de lin. Ka nemi dafahhe, shi ke bushewa cikin kwana 2 zuwa 3, ɗanye yana ɗaukar hiye da sati. Shahin farko a tsinka shi rabi da rabi da terebantin don ya shiga ciki, a shahe huska huɗu duka da cikin ramukan bulon. Bayan rabin awa a goge abin da katako bai sha ba, in an bar shi zai yi danƙo. A bar shi ya bushe a inuwa, a sake, har sau 3. Inda ya hi muhimmanci shi ne baki biyu, inda zarto ya yanke. Ta nan itace ke shan ruwa tun yana tsaye a daji, kuma ta nan yake fara ruɓewa. Tsaya da bakin katakon cikin tasa mai ɗan mai ya kwana, ka juya ɗaya bakin. Huskar ƙasa, wadda ke kallon taya da caɓi, ana iya ƙara mata pentir na kwalta bayan mai ya bushe, tunda dabba ba ta kaiwa can. Kar a ɗora bisashe sai sati ya cika kuma wari ya tahi.

Hattara da tsummokaran da aka yi shahin. Tsumma mai man lin in an dunƙule shi an jefa a lungu, yana yin zahi da kansa har ya kama wuta. Baza su a hili su bushe, ko ka jiƙa su cikin ruwa. Kar su kwana kusa da harawa.

Man lin ba ya kashe gara, ruwa kawai yake hanawa shiga da sauri, kuma ba ya dawwama. A sake shafawa sau biyu a shekara, a watan Mayu kahin ruwa ya sauka, da watan Nuwamba in hunturu ya fara. In an aje mota, gaba ya ɗan hi baya tudu don ruwa ya gangara. In an ruhe da tampol a bar iska ta shiga. Motar da ta lalace ta daɗe a tsaye, a kwance katakon a ɗaga shi sama, don gara tana bin taya ta hau.

Wanki bayan kowace kasuwa

Aibin katako ɗaya ne, kuma wajibi ne mu faɗe shi: yana shan abin da ya zuba a kansa. Motar da ta kwaso awaki daga Dakoro yau, gobe ta je Tasawa ko Badagishiri, tana iya raba cuta hiye da kowane garke. Ƙwayar ciwon baki da ƙafa tana yin makonni cikin kashi. Ta agana tana yin watanni cikin ɓawon ƙuraje da ya zuba. Kaska tana ɓuya a tsagar katako. Annobar awaki da tumaki, wadda a taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya suka ɗau alkawarin kawar da ita nan da 2030, ƙwayarta ba ta daɗewa a rana, amma tsakanin kasuwar sahe da lodin maraice ba ta mutu ba tukuna.

Yawancin direbobi suna zuba rairayi a daɓe, kuma abu ne mai kyau, yana riƙe kofato yana shan hitsari. Sai dai kaurin santimetir 2 kawai a bayan motar da muka auna ya kai wajen kilo 100. Ƙaiƙayin hatsi ko ɓawon gyaɗa sun hi sauƙi. Ko wanne ka zuba, a kwashe shi ranar, a kai shi nesa da rijiya da wurin kiwo. Jiƙaƙƙen rairayin da ya kwana uku bisa katako ya rushe duk shahin da ka yi.

A kankare kashi, a wanke da ruwa da omo tukuna, don magani ba ya ratsa datti. Sannan jabel: mai lamba 12 a jikin kwalba, litir 1 cikin ruwa litir 6. A bar shi rabin awa, a ɗauraye sosai don yana cin ƙarhe, a buɗe ƙofar baya rana ta busar. Kar a zuba jabel bisa hitsarin da ba a wanke ba, kar kuma a gauraya shi da girezil, tururin yana ƙona ido da ƙirji. Girezil da aka saba da shi yana da amfani ga wasu cututtuka, amma ba ya aiki sosai a kan ciwon baki da ƙafa.

Akwai halin da wanki ba ya isa. In dabba ta mutu farat ɗaya cikin mota, baƙin jini mara daskarewa yana hita ta hanci ko ta dubura, ka ɗauka ciwon saifa ne har sai malamin dabbobi ya ce ba shi ba ne. Kar a yanka, kar a heɗe, kar a taɓa da hannu tsirara, don yana kama mutum. Ka sanar da ma'aikatar kiwo mahi kusa. Ƙwayar wannan ciwo tana yin shekaru da dama ba ta mutu ba, kuma in jinin ya shiga cikin katako ba jabel ɗin da zai bi shi can. A kwance katakon da jinin ya taɓa, a ƙone shi ƙurmus tare da shimhiɗar, a sa sabo.

Ga yawan lodi: a bayan mota mai metir 2 da 1 da rabi, tumaki ko awaki manya 8 zuwa 10 ne za su tsaya ba matsi. Manyan raguna masu ƙaho irin balami, 6 ko 7. Shanu 2, in ƙanana ne 3. In an haɗa manya da ƙanana a sa shinge tsakani. Dabbar da aka ɗaure ƙafahu aka kwantar bisa gehe ɗaya, in tahiya ta yi nisa cikinta yana kumbura, don haka a tsaya a kan hanya a duba ta, a gyara mata kwanciya bisa ƙirji.